Saƙon Godiya ga Mutanen Ƙauyen Schuld

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni da maigidana da yaranmu muna sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa mun koma gidanmu da ke ƙauyen Schuld, a jihar Rhineland-Palatinate ta ƙasar Jamus, bayan kammala gyaran ɓarnar da ambaliyar kogin Ahr ta yi masa a daren 14 ga Yuli, 2021. Sama da mutum 130 suka rasu a kwarin wannan kogi, saboda haka muna fara miƙa ta'aziyya ga iyalansu kafin mu ambaci tamu asarar, wadda ba ta wuce ta dukiya ba.

Godiyarmu ta farko ga 'yan kwana-kwanan ƙauyen take. Wanda bai zauna a karkarar Jamus ba zai ɗauka ma'aikatan gwamnati ne masu albashi, alhali 'yan sa kai ne, manoma da kafintoci da direbobi, waɗanda kan ajiye sana'arsu da zarar jiniya ta yi kuka. A daren nan sun bi gida-gida suna fitar da mutane zuwa tudu, ga shi kuwa wasunsu ruwa na cin nasu gidajen a daidai wannan lokaci.

Sai manoman da suka shigo da taraktocinsu tun kafin a gyara hanyoyi, da matasan da suka jera layi daga ɗakinmu na ƙarƙashin ƙasa har bakin titi suna miƙa wa juna bokitin laka. Lakar ta cakuɗe da man dumama gida da ya tsiyaye daga tankunan da ruwa ya fasa, warinta kan kama tufa har bayan wanki, amma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba. Da yawansu ko sunayensu ba mu samu tambaya ba.

Ba zan manta da matan da suka riƙe girkin jama'a ba. Ƙauyen bai fi mutum 700 ba, kowa ya san kowa, don haka ba sai da muka yi bayani ba suka ware mana tukunya wadda babu naman alade a ciki. Dattijuwar da ke maƙwabtaka da mu, wadda a da gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ta ba mu ɗakuna a saman gidanta, ta kuma ƙi karɓar ko sisi.

An ga ziyarar da Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, ta kawo ƙauyen ranar 18 ga Yuli a talabijin, sojoji ma sun yi aiki sosai, muna gode musu. Haka kuma Hausawa mazauna Bonn da Kolon da suka kawo tufafi da barguna, da dangi na Damagaram da suka kwana cikin zullumi saboda layukan waya sun katse.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya kiyaye na gaba. Amin.