Daƙiƙa 46.40 da dariyar da na yi

Asabar. Ban yi niyyar rubuta komai yau ba, amma wata dariya da na yi bayan La'asar ta tsaya min a rai, ta ƙi tafiya.

Safiya dai lafiya lau. Kayan da muke jira sun iso, kwali 3, ɗaya ya ɗan jiƙe ta ƙasa amma cajojin ba su lalace ba. Hajiya ta aiko da ɗanwake, yajin ya yi yawa, na cinye duk da haka. An kawo wuta ƙarfe 10, an ɗauke kafin Azahar.

Da La'asar Auta ya zo shago. Ko tsintsiya bai taɓa ba, ya haye benci ya duƙufa kan waya. Kun dai san tun ranar da aka kai su wurin iyo daga makaranta ba shi da zance sai ninkaya. Can sai ya miƙo min wayar, ya ce, "Yaya, kalli wannan. Kafin ka gama ƙirga canjin mutum ɗaya ya gama."

Tseren ninkaya na mita 100 na maza ne a Olamfik ɗin Faris, ranar 31 ga Yuli 2024. Mutum 8 a jere, nasa gwanin, Pan Zhanle ɗan ƙasar Sin, yana layi na 4. Aka busa, suka faɗa ruwa. Ni ban san kan wasan ba, amma ko makaho ya ji ihun mai sharhi ya san wani abu na faruwa. Ya taɓa bango na farko a daƙiƙa 22.28, ya juya, daga nan sai ya riƙa zare jiki daga cikinsu kamar su an ɗaure musu dutse a ƙafa. Da ya taɓa bango sai allo ya nuna 46.40. Kyle Chalmers na Austaraliya 47.48, David Popovici na Romaniya 47.49. Auta ya sa yatsa kan lambobin yana nuna min: tsakanin na biyu da na uku kashi ɗaya ne cikin ɗari na daƙiƙa, tsakanin na ɗaya da na biyu kuwa daƙiƙa guda da ɗoriya. Idonsa har ƙyalli yake.

Muna cikin haka Kawu ya shigo karɓar wayarsa da ya bari caji. Ya leƙo ta kafaɗata, aka sake sa masa daga farko. Ya kalla har ƙarshe, ya gyara hula, ya ce, "Wannan ai magani ya sha."

Auta ya ce, "Haba Kawu."

"Haba me? Ka tambayi yayanka mai sayar da cajar China. Abin da aka rubuta a kwali daban, abin da ke ciki daban."

Sai na fashe da dariya. Ba murmushi ba, dariya sosai, har da buga tebur, har mai shayin ƙofarmu ya ɗago kai. Auta ya ce a hankali, "An gwada shi fa, Kawu." Kawu ya ce, "Wa ya gwada shi? Su da kansu?" Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na ce, "Rabu da shi Kawu, yaro ne." Auta ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu. Ya ɗauki tsintsiyar da ya ƙi ɗauka ɗazu ya share shagon tas, bai sake cewa uffan ba har muka rufe.

Bayan Isha'i na kwanta ina ta karanta labarin Pan ɗin nan, data ta kusa ƙarewa.

Gaskiya ɗaya ce, Kawu bai tsinci maganarsa a ƙasa ba. A watan Afrilun 2024 labari ya fito cewa 'yan ninkayar Sin su 23 an samu wani maganin zuciya da aka haramta a jikinsu a farkon 2021, kafin Olamfik ɗin Tokyo. Hukumar ƙasarsu ta ce daga kicin ɗin otal ɗin da suka sauka abin ya gurɓata abincinsu, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta karɓi bayanin, mutane da yawa kuma har yau ba su gamsu ba. To amma Pan ba ya cikin 23 ɗin. Lokacin ma shekararsa 16. Kafin Faris an ɗebi samfurinsa sau da dama, kuma ba hukumar ƙasarsu kaɗai ke gwajin ba, ba a samu komai ba. Wani koci ɗan Austaraliya ya fito ya ce abin da ya yi ya fi ƙarfin ɗan Adam, wato dai Kawu na da abokan ra'ayi har can. Shi kuwa Chalmers da aka tsere wa, cewa ya yi yaron ya cancanci zinarensa.

Abin da ya fi tsaya min shi ne ba daga sama ya faɗo ba. An haife shi a Wenzhou, lardin Zhejiang, ranar 4 ga Agusta 2004. Da dogon zango ma ya fara, irin su mita 400 da 1500, kafin a mayar da shi gajere. A gasar duniya ta Fukuoka a 2023 ya yi 47.43, ya zo na 4, kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ya raba shi da tagulla. Bayan wata biyu, a wasannin Asiya na Hangzhou, a lardinsu, ya yi 46.97, ɗan Asiya na farko da ya sauko ƙasa da 47. A Doha cikin Fabrairun 2024 ya yi 46.80, ya karɓe tarihin duniya daga hannun Popovici. Sannan Faris. Mataki-mataki ne, kowane a gaban jama'a, da alƙalai, da kyamara. Ni da ban san ko ɗaya daga ciki ba, ni ne na buga tebur.

Akwai ma wani tsohon bidiyonsa yana ɗan shekara 10, an tambaye shi burinsa, ya ce in dai ya fi Sun Yang sauri ya ishe shi. Sun Yang kuwa lokacin shi ne sarkin ruwa a ƙasarsu. Na tabbata ranar ma akwai wani yaya a gefe da ya yi dariya.

Ranar da ya cika 20, wato 4 ga Agusta 2024, shi ya ɗauki zangon ƙarshe a tseren karɓa-karɓa na salo huɗu, bayan Xu Jiayu da Qin Haiyang da Sun Jiajun. Ya shiga ruwa ana gabansa, ya yi 45.92, ya fito da zinare. Tun 1960 Amurka ba ta taɓa shiga wannan tseren a Olamfik ta rasa shi ba sai ranar. Da ya koma gida, ana tsaka da yayinsa, sai ya rushe zauren masoyansa na Weibo, dandalin sada zumunta na ƙasar Sin. Wannan ya burge ni fiye da lambobin, ni da nake leƙa waya sau goma in na sa hoton sabon kaya.

Sai na ci karo da na 2025. A gasar duniya ta Singafo bai ma kai zagayen ƙarshe na mita 100 ba, Popovici ne ya ci. Ina gani na ji muryar Kawu a kunnena: ka gani, magani ya ƙare. In ya ci, ya sha. In ya faɗi, ya daina sha. Ban ga lokacin da zai yi wanda zai wanke shi a wurin Kawu ba, kuma a nan barci ya ƙaurace min.

Don na tuna aji 2 na sakandare. Zangon da na dage, nake tashi kafin Asuba ina lissafi da fitilar ƙwai, har na fi kowa ci. Malamin ya tsayar da ni gaban allo, takardata a hannunsa, ya ce in faɗi wanda na kwafa. Na ce ban kwafa ba. Ya ce to wane aljani ya rubuta min. Aji ya kwashe da dariya. Fuskar malamin ta soma ɓace min yanzu, amma wanda muke benci ɗaya da shi, wanda ya san ina tashi da dare don a gidanmu yake kwana wani lokaci, shi ma ya yi dariyar. Ita na riƙe shekara da shekaru. Zango na gaba ban sake tashi da dare ba.

Kawu dai Kawu ne, haka yake yi wa kowa, har ɗan ƙwallon da yake so. Auta ba zai riƙe shi ba. Ni ne ya miƙo wa wayar.

Wajen ƙarfe 11 na tura masa bidiyon karɓa-karɓar, na rubuta, "Ka ga wannan kuwa? 45.92." Alama biyu suka yi shuɗi. Bai amsa ba. Fitilar ɗakinsu a kunne, ina hango ta ta ƙasan ƙofa.

Gobe akwai ɗaurin aure ƙarfe 10, ban goge kaya ba, ga shi babu wuta. Kwalin da ya jiƙe ma ban kira mai mota a kansa ba. Na duba kuɗin gilashin ninkaya, irin mai roba da yake ta nuna min tun watan jiya ina cewa sai an ga hali. Bai kai kuɗin caja biyu ba.