Sifili biyu a cikin kwamfuta

A lissafin makaranta sifili ɗaya ne tak. Ko ka sa masa alamar tarawa ko ta ɗebewa, +0 da −0 abu guda ne.

Inda alamar take da amfani shi ne wajen nuna ta wane ɓangare aka tunkaro sifilin. Ɗauki 1/x. In x ya zama 0.1, sai 0.01, sai 0.001, amsa za ta zama 10, 100, 1000, tana ta hawa ba iyaka. In kuma ka biyo ta −0.1, −0.01, gangarawa za ta yi ta yi. Shi ya sa masana ke rubuta 0⁺ da 0⁻. Hanyar da aka biyo suke nufi, ba wasu lambobi daban ba.

Kwamfuta kuwa da gaske ta raba su biyu. Ƙa'idar IEEE 754, wadda ta fito a 1985, tana da tsarin da ke ajiye lamba mai ɗigo a bit 64 (bit gurbi ne mai ɗaukar 0 ko 1 kawai): ɗaya na alama, 11 na girman lambar, 52 na alƙalumanta. Ko da sauran 63 duk sifili ne, bit ɗin alama yana iya zama 0 ko 1. Ga sifili biyu ke nan. Kuma ba shirme ba ne: ka ninka −10⁻²⁰⁰ da 10⁻²⁰⁰, amsar ta yi ƙanƙantar da ba ta ajiyuwa, sai ta koma −0, wato girman ya ɓace amma alamar ta tsira.

Matsalar tana wajen gwadawa. A yaren kwamfuta na JavaScript, gwajin daidaito 0 === -0 zai ce maka daidai suke, amma 1/0 ya ba da Infinity (wato mara iyaka), 1/-0 ya ba da -Infinity. Math.round(-0.2), mai mayar da lamba zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa, shi ma −0 yake haifarwa, shiru ba ka sani ba. Wanda ya fi cizo shi ne atan2, mai fitar da kusurwa: atan2(0, -1) π ne (wato rabin zagaye), atan2(-0, -1) kuwa −π, tazarar zagaye guda cur.

In kana son bambance su, yi amfani da Object.is(x, -0) a JavaScript, ko math.copysign(1, x) a yaren Python. In kuma kawar da −0 kake so kafin a nuna wa mutum “−0.0” a allo, ka tara masa 0, domin −0 + 0 yana ba da +0. Cikakkun lambobi irin int na yaren Java ba ruwansu da wannan, sifilinsu ɗaya ne.