Sai a karo na huɗu hoton ya fito

Takarda uku na ɓata kafin sayanotaif, wato fitar da shuɗin hoto da hasken rana a takardar da aka shafa wa sinadari, ya yarda da ni. Dabarar tsohuwa ce, tun 1842 John Herschel ya ƙirƙiro ta, amma ni a kwamfuta na haɗa nagetif ɗina: baƙi ya koma fari, dama ta koma hagu, na buga a ledar da haske ke ratsawa, girmanta daidai da hoton.

Ashe tawadar ce ba ta yi kauri ba! Rana ta riƙa ratsa ta, duk inda ya kamata ya yi fari fat sai ya rine.

Na ƙara mata duhu, na kifa ledar a takardar, na danne da gilashi, na shanya. Ina wankewa da ruwa sai ga fuskar kakata, shuɗiya shar, har tamojin goshinta.