Alhamdulillahi, Tsohuwa ta sauka daga kan jak

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Jiya bayan La'asar muka zare katakon da muka tokare Tsohuwa, wato motata, da su, ta taka ƙasa da tayoyinta huɗu, birki kuma ya kama tun daga sama. Na so in yi wannan rubutu tun daren jiya, amma ina idar da Isha'i barci ya kwashe ni a kan darduma. Har yanzu kafaɗuna ciwo suke, faratana kuma ba su rabu da baƙin mai ba.

Ba sai na maimaita abin da ya faru a gangaren Tula ba, ranar da birkin motar ya ƙi kamawa. Yawancinku kun ji, wasu ma kun ji shi da gishiri. Duk wanda ya taɓa saukowa ta wannan hanya zuwa Kaltungo ya san ba wurin da mutum zai so ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse ba ne, balle ga Inna a kujerar baya. Ƙaramar giya da birkin hannu Allah ya sa suka zama sanadi. Masu kira, masu turo saƙo, da waɗanda suka tako har gida a Pantami don jaje, Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Akwai wanda ya ja mini kunne kada in ambace shi. Baffa Direba, ka yafe mini, yau ɗaya zan saɓa maka. Duk layinmu an san wa nake nufi. Dattijon nan da gwiwa ke hana shi doguwar tsayuwa a sallah, shi ne ya shimfiɗa buhu a tsakar gidana ya kwanta a ƙarƙashin mota, ba don na roƙe shi ba. Ya ga an jawo ta da igiya, washegari da hantsi sai ga shi da tsohuwar jakar sifanunsa.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne lokacin da muka kwance bututun da ke kai man birki baya. Daga waje lafiyarsa lau, baƙi ne kawai da laka. Sai da Baffa ya cire ɗan maƙalin da ke riƙe shi a jikin shasi, nan aka ga ɓarna. Ya sa babban yatsa ya ɗan matsa, ƙarfen ya ruguje masa a hannu kamar busasshen karan dawa. Bai ce komai ba. Ya ɗago ya dube ni, ni ma na dube shi, na ji cikina ya juya, don da wannan bututun na kai yara Dadin Kowa lokacin hutu. Daidai nan Inna ta fito daga ɗaki da butarta, tana tambaya ko an gano ciwon. Kafin in buɗe baki Baffa ya tura guntun ƙarƙashin buhun da yake kai, ya ce, "Hajiya, ƙaramin abu ne, tsufa ne irin namu. Je ki yi alwalarki." Ta yi dariya ta wuce. Da ta ga abin nan da idonta, da hawan jininta ba zai bar mu mu yi barci ba, kuma ba za ta sake yarda ta shiga mota ba. Baffa, Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira yadda ka rufa wa tsohuwar nan tsoro. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya kai ka Ɗakinsa, ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka.

Da yawa kun tambaya yadda aka yi mota a Gombe, inda ba teku ba ƙanƙara, ta ci tsatsa haka. Land Cruiser ce ƙirar 1994, Beljiyam, kuma ƙuruciyarta a ƙasar sanyi ta yi, inda ake watsa gishiri a kan titi don narkar da ƙanƙara. Gishirin nan shi ya fara cin bututun ƙarfen, lakar daminarmu da ke maƙalewa a ƙarƙashin maƙalai ta ƙarasa aikin. Baffa ya kuma fahimtar da ni dalilin da ya sa birkin bai tafi gaba ɗaya ba: masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, gida biyu gare ta, na gaba daban na baya daban, shi ya sa da na baya ya fashe aka samu ɗan abin kamawa can ƙasa. Birkin hannu kuwa waya ce, ba ruwansa da mai.

Wani mai son mu da alheri ya kawo shawarar a sa bututun firiji, wai jan ƙarfe ne, ba ya tsatsa, ga arha. Baffa ya ce in dai yana wurin ba za a sa ba. Zallan jan ƙarfe, in ya sha girgizar hanya, taurarewa yake ya tsage, kuma ba zai yi maka sallama ba ranar da zai tsage. Ya ƙi kuma a yanke wurin da ya ruɓe a yi faci. Nan ne Hamma, yayan maiɗakina da ke Kano, ya shigo. Hamma, kai ma na ambace ka. Ya bar shagonsa ya zagaya kasuwar Ƙofar Ruwa har ya samo wanda ake so, na jan ƙarfe da aka gauraya da nikel, mai kaurin 3/16 na inci, da sabbin notuna, ya aro mana ma abin buɗe bakin bututu, ya sa a motar haya. Da na tambayi kuɗin mota sai ya kashe waya. Allah ya buɗa maka kasuwa ta inda ba ka zato.

Aikin kansa ba ƙarfi yake so ba, haƙuri yake so. Tsofaffin notunan sun haɗe da tsatsa, sai an jiƙa su da mai an bar su sun kwana, sannan a kama su da sifana lamba 10 irin mai tsaga, don ta gama-gari murje musu kai take yi. Kowane sabon bututu a jikin tsohon muka gwada muka lanƙwasa shi a hankali da hannu. Bakinsa ninki biyu ake yi wa motocin Japan, kuma duk wanda Baffa ya buɗe sai ya ɗaga shi a rana ya juya, in ya ga ɗan karkacewa ya yanke ya sake. Kafin kowane ɗaya sai ya ce, "Noti ya shiga?" don in ka buɗe baki ba ka zura noti ba, ka yi aikin banza.

Cire iska daga bututun birki kuwa aikin gida ne gaba ɗaya. Babban ɗana a kan kujerar direba, Baffa a ƙasa yana kiran "danna, danna, riƙe," 'yar autata da fitilar waya, ni ina tsaye a kan masta da sabuwar kwalbar man birki mai lamba DOT 3 kada mai ya yi ƙasa iska ta sake shiga. Daga tayar da ta fi nisa da masta muka fara, har da ɗan bawul ɗin baya mai auna nauyin kaya, wanda ake yawan mantawa da shi. Robar ƙarin ruwa muka zura cikin gorar ruwa, muna kallon kumfa na fita har man ya koma garau. Maman yara, ke ce kika haƙura da tsakar gida ba wurin shanya, kina dafa abincin mutum goma ba gunaguni. Allah ya biya ki da Aljanna. Maƙwabcina mai walda da ya ba mu jak da katako, da Malam Liman da ya sa mu a addu'a bayan Asuba, Allah ya bar zumunci.

Akwai 'yan uwa na jini da motar nan ta kai wa amare, ta kwaso musu masara daga gona, ta kai su ta'aziyya har Bajoga. Na san kowa da uzurinsa, wataƙila kuma wayata ce ba ta shiga. Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye su.

Ya rage mana bututu da notuna kaɗan, abin buɗe bakin kuma sai ranar Litinin zai koma Kano. Duk mai tsohuwar Beljiyam a cikinku da ke son a leƙa masa ƙarƙashi, ya kawo ta kafin nan. Baffa ya ce a zo da safe, kuma a wanke lakar tukuna.