Ashe ba memorin ba ne, ramin rida ne

Duk mai sana'ar tura karatu, waƙoƙi da fina-finai a memori ya san saƙon nan na Windows: "The disk is write-protected." Kana kallon duk abin da ke cikin katin, kana iya kwafe shi zuwa kwamfuta, amma ba ka isa ka tura sabo ba, ba ka isa ka goge ko fayil ɗaya ba, fomat ma ya ƙi. Ni gab da azumi abin ya sako ni gaba, daidai lokacin da dattawa ke kawo memorin rediyonsu a cika musu tafsiri, ga layi a bakin shago.

Abin da ya ruɗa ni shi ne rashin tsayuwarsa wuri ɗaya. Wannan kati ya karɓa, na gaba ya ƙi. Wanda ya ƙi da safe sai ya karɓa bayan la'asar. Da a ce dukansu suka ƙi a lokaci guda, da tuni na zargi kayan aikina. Amma da yake yawancin masu ƙin sababbi ne daga cikin kwalin da na saro kwanan nan, sai zuciyata ta tafi kan jabu.

Na bi duk abin da ake cewa a intanet, kuma har yanzu ina jin haushin lokacin da na ɓata a kai. Kowa diskpart yake nuna maka, wato manhajar Windows da ake rubuta wa umarni don sarrafa diski: list disk, select disk da lambar katin, sannan attributes disk clear readonly. Kwamfuta ta amsa min cewa an cire, na koma tura fayil, saƙon yana nan daram. Suka ce a shiga regedit, inda ake gyara saitunan Windows na ciki, a nemi StorageDevicePolicies a mayar da WriteProtect zuwa 0. A tawa kwamfutar ma babu wannan wurin sam, sai da na ƙirƙira shi, na kashe na kunna, shiru. Ashe amsar tana gabana tun farko. In ka rubuta attributes disk kaɗai, layuka biyu na sama su ne labarin. Nawa sun nuna Current Read-only State: Yes, amma Read-only: No. Wato Windows cewa take, ni ban kulle ba, daga can ƙasa aka ce min a kulle yake. Babu wanda ya gaya min haka cikin masu dogayen bayanan nan. Wasunsu ma cewa suke ka buga clean, ba tare da sun ce in ka kuskure lambar diski, babbar ma'ajiyarka ta fina-finai za ka shafe ba.

Haka na tattara katunan na koma kasuwa wurin dillalin da nake saro a hannunsa, raina a ɓace. Maganganun da na faɗa masa a gaban mutane ba sai na maimaita ba. Shi bai ce komai ba, yaron shagonsa ne ya karɓi ɗaya, ya zura shi a wata 'yar ƙaramar rida ta USB, wato na'urar da ke haɗa kati da kwamfuta, mai ramin ƙaramin kati microSD kaɗai, ya tura bidiyo ya shige. Ya ɗauki na biyu, ya shige. Na uku ma haka.

"Oga, katunanka lafiyarsu ƙalau," in ji yaron. "Da me kake sa su?"

Na ce da adafta, gidan robar nan da ake sa ƙaramin kati a ciki ya zama girman babban SD, a babban ramin rida.

"To nan za ka duba."

Ga abin da na gano, wanda har yau yake ba ni mamaki. Ɗan makullin nan da ke gefen hagu na babban katin SD ko na adafta, wanda aka rubuta Lock a kusa da shi, ba ya haɗe da komai a cikin katin. Babu waya, babu lantarki, guntun roba ne kawai da ke hawa da sauka. Katin da kansa bai ma san an kulle shi ba. A cikin ramin rida ne akwai wani siririn harshen ƙarfe da ke laluben gefen katin. In ya ji robar a sama, wajen haƙoran katin, sai ya ce a buɗe yake. In ya ji wurin fayau, sai ya sanar da kwamfuta a kulle yake, ita kuma ta yi biyayya. Kamar mai gadi ne da ke duba hular baƙo kafin ya buɗe ƙofa. In idon mai gadin ya lalace, kowa ma baƙo mara hula ne.

Tawa ridar harshen nan ya saki saboda yawan zurawa da zarewa, ga ƙurar hunturu da ta cika ramin. In katin ya ɗan karkata dama sai ta ce a kulle, in ya matsu hagu sai ta bari. Ita ma adaftar makullinta ya yi sako-sako, yana zamewa ƙasa da kansa yayin shiga. Su biyun suka haɗu suka jawo min faɗa da mutumin da bai cuce ni ba. Ƙaramin microSD kuwa ba shi da makulli ko kaɗan, shi ya sa a waya ko a ridar yaron nan babu mai tambayarsa komai.

Akwai masu manna salatif a gefen adafta don riƙe makullin a sama, ko don rufe gurbin in robar ta faɗi. Yana aiki, na gwada. Sai dai in ya yi kauri yana iya maƙalewa a ramin ko ya ƙara lanƙwasa harshen. Don kwashe aiki na gaggawa ne, ba na kullum ba. Kuɗin sabuwar rida bai kai kuɗin motar da na kashe zuwa kasuwa da dawowa ba.

Ban ce kati ba ya kulle kansa da gaske ba. Yana yi. Idan ƙwayoyin ajiyarsa suka gaji, ɗan ƙwaƙwalwar da ke cikinsa kan hana rubutu gaba ɗaya don abin da ke ciki ya tsira. Irin wannan a kowace rida ƙi yake, a waya ma haka. Wani lokaci ka goge hoto ya nuna ya tafi, ka cire ka mayar sai ka gan shi ya dawo. Wannan ba shi da magani, ka kwashe kayan mutum nan take ka gaya masa gaskiya. Jabu kuwa halinsa daban: karɓa yake hannu bibbiyu, sai an je buɗewa a tarar fayilolin sun lalace, kuma manhajar gwajin memori H2testw na tona asirinsa. Yanzu kafin in furta wa kowa cewa katinsa ya mutu, sai na cire shi daga adafta na gwada shi kai tsaye a wata ridar daban.

Akwai wani dattijo da na sa ya sayi sabon kati a wancan makon, na ce masa nasa ya gama aiki. Da ya dawo na miƙa masa tsohon cike da karatu tare da kuɗinsa, na ce, "Baba, naka bai mutu ba, injina ne ya yi ƙarya." Dariya ya yi ya ce, "To ɗana, yanzu ina da biyu ke nan," ya ƙi karɓar kuɗin. Dillalina ne dai bai yi dariya ba. Mun shirya, muna gaisawa, amma kayan da a da yake ba ni in sayar in kawo kuɗi, yanzu sai na biya lakadan.