Lambar CA-125 da kukan da ake yi min a shago

Ni dai ƙaramin leb gare ni a bakin kasuwa nan wajen Gwaram, ni da yarana biyu, gwajin maleriya da taifod da na juna biyu su ne abincinmu. Amma jefi-jefi mace za ta shigo da takardar likita, sikanin ya nuna ƙari a ma'ajiyar ƙwai, an rubuta mata CA-125, wato gwajin jini da ke taimaka wa likita gano ko ƙarin kansa ne. Gaskiya ba ni da injinsa. Jinin nake ɗiba in juya shi ruwan saman ya ware, in sa a kula da ƙanƙara in ba direban motar Kano, bayan kwana biyu uku risalt ya dawo ta WhatsApp.

To a nan ake yin ta. Iyakarsa 35 ne, da zarar an ga ya haura sai kuka, wani ɗan boko a gida ya riga ya duba waya ya ce kansa ce. Rannan wani dattijo ya zo da 'yarsa, nata ya wuce ɗari, hannunsa har rawa yake. Na ce Baba zauna tukuna, lambar nan jinin al'ada ma yana ɗaga ta, ƙaramin ciki yana ɗaga ta, faibiroid, ciwon sanyin mara, tibin ciki, ciwon hanta mai tara ruwa, duk suna ɗaga ta. Shi ya sa yanzu ba na tsira allura sai matar da ke taya ni ta tambayi mace a keɓe ko tana al'ada, don ni ba za su faɗa min ba.

Akwai ma wani ƙari da in an yi tiyata ake samun gashi da kitse har da haƙori a ciki, mutanenmu su ce sammu ne, alhali yawanci ba mai cutarwa ba ne, shi kuma lambar wani gwajin jini daban, CA 19-9, yakan ɗaga.

Abin da ya fi ba ni tsoro wadda nata ya fito daidai ne ta ce ta warke, don kusan rabin kansar ma'ajiyar ƙwai da ke farkon kamu ba ta ɗaga lambar. Ni ba likita ba ne, takarda nake ninkewa in ce a koma Birnin Kudu ko asibitin Malam Aminu Kano, su za su haɗa da sikanin da shekarunta.

Ita 'yar dattijon nan an cire mata ƙarin, ba kansa ba ce. Baban ya aiko min da zabi biyu.