Kuɗin ƙarfe mai kuskure: na gidan bugu da na guduma

Ni dai shagona ɗan ƙarami ne nan kusa da kasuwar Dole a Damagaram, tsoffin kuɗin ƙarfe nake saye nake saidawa, da 'yan kayan azurfa na da, kuma tun tasowata ake kawo mana irinsu daga ƙauyukan Miriya da Magariya da Matamaye a ɗaure cikin tsumma. Kwabo mai huji da anini da suka shigo ta hanyar Kano zamanin Ingilishi, tsohuwar dalar Faransa ta azurfa mai garam 25, da waccan babbar mai hoton Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, wadda duk wadda ka ɗauka 1780 za ka gani a jikinta ko yaushe aka buga ta. Da can aikin bai wuce a gane azurfa ce ko ba azurfa ba. Yanzu kam tunda bidiyo ya cika wayoyi ana cewa kuɗi mai kuskure na kawo miliyoyi, kusan rabin masu shigo min zancen kuskure ne ya kawo su.

Kuskuren gaskiya akwai shi fa. Sefa ɗinmu na BCEAO, babban bankin ƙasashenmu masu sefa na Afirka ta Yamma, a Faransa ake bugawa, ma'aikatar na Pesak kusa da Bordo tun 1973, inji ne ke sa faifan ƙarfe tsakanin hatimi biyu ya dake shi bugu guda, to wani lokaci faifan ya goce, ko hatimin ya tsage, ko tun wajen yanke faifan aka ci gefensa. Abin da nake nema kullum shi ne yaushe abin ya samu kuɗin, a gidan bugu ne ko bayan ya fito duniya.

Ran wata Alhamis wani saurayi ya shigo da dala ashirin (sefa ɗari ke nan, dala guda sefa biyar ce) yana ta rawar jiki, wai jikka sha biyar, wato sefa dubu sha biyar, ya saye ta hannun wani, lambobi sun fito biyu biyu. Ya ce Baba duba min, an ce a Turai mota za ta saya. Na ɗauko madubin nan na masu gyaran agogo na duba, wallahi raina ya ɓaci tun kafin in yi magana. Rubutun na biyu ya lotsa ciki kuma a juye yake kamar ka kalle shi a madubi, ga kuɗin ya ɗan baje ya fi 'yan uwansa faɗi. Biyu aka haɗa aka ɗora kan maƙera aka sauke musu guduma, shi ke nan. In hatimin ne da kansa ya ninku tun a can, rubutun biyu duk a tashe suke fitowa, kuma suna karantuwa daidai ba a juye ba. Na ce ɗana yi haƙuri, wannan dala ashirin ce kawai, ita ma ba kowane mai tebur zai karɓa ba. Ya daɗe tsaye bai ce komai ba, kuɗin dakon da ya tara ne.

Sikeli shi ne babban abokin aikina, ƙaramin nan mai auna garam. Dala biyar garam 8 take, dala ashirin ta da garam 7. Wadda ta goce wajen bugu zanen ya koma gefe guda, nauyinta cikakke ne don ba abin da aka rage, kuma wajen da hatimi bai taɓa ba sumul yake. In na ga nauyi ya ragu ga fili ya yi shara-shara kamar an lashe shi, to magagari ne ko asid.

Wadda ta fi ba ni aiki ita ce mai gutsuren gefe. Ta gaskiya ma nauyinta ya ragu ai, tunda faifan bai cika ba, don haka sikeli ba zai raba gardama ba. Nan sai ido. Ta gidan bugu bakinta yana tafiya yana lafewa a hankali har ya shige gutsuren, haruffan kusa da wurin suna ɗan jan jiki zuwa waje saboda ƙarfe ya gudu can lokacin bugu, sannan sau da yawa in ka dubi ɗaya gefen da ke kallon gutsuren za ka tarar baki bai tashi sosai ba. Wadda aka yanka da almakashin maƙera kuwa bakinta na tsaye cak har inda aka datse, ga kaifi ga ƙyalli sabo. Nakan juya irin wannan a hannu minti goma ina karkata ta wajen haske, ba na gaggawa, don na taɓa kusan mai da ta gaske ina zaton yanka ce.

Layi in a tashe yake tsagewar hatimi ce, in ya nutse karce ne, wannan ko yarona na shago ya sani.

Masu ƙarfe biyu, dala hamsin ta 1992 da dala arba'in da dala ɗari na 2003, su ne yaran yanzu suka fi wa ɓarna, a fidda tsakiyar a juya ta a mayar a ce kuskure. Ka dubi mahaɗar, za ka ga sawun duka ko ɗan rami, wata ma har motsi take. Haka mai kai biyu, goge biyu ake yi a manne, ka sake ta kan siminti ka ji ƙarar ta mutu.

Abin da ya fi ci min rai tsoffin ne. Hujin da kakanninmu mata suka yi wa dalar azurfa don sarƙa ko kwalliyar kai ba na jin haushinsa, ina faɗa wa mai saye huji ne na ado in rage kuɗi. Amma makon jiya wata hajiya ta kawo kwabbai masu huji na 1936, masu sunan sarkin Ingila Edwad na takwas wanda bai cika shekara kan gado ba, jikanta ya bi uku daga ciki da magagari yana faɗaɗa hujin gefe guda don su yi kama da waɗanda suka goce. Guda huɗu da bai kai gare su ba su na saya, ukun na naɗe mata a tsummanta ta koma da su.